Gyaran Gangar Auzinawa: Wa Za A Gyara Wa Wurin Ninƙayar?



Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a ƙofar shagon wani ɗan'uwa a nan Nombakélé, sai ga wani dattijo aminin mahaifina ya tsaya da mota, ya ce in shigo mu gaisa. Ba zan faɗi sunansa ba. Mutumin kirki ne, kuma lokacin da na sauka Libreville da jaka ɗaya a hannu, a gidansa na yi wata uku ina ci ina sha. Bayan gaisuwa da tambayar mutan gida, sai ya zaro wata takarda mai sheƙi ya miƙo mini. Zanen wurin ninƙaya ne, ruwa garai-garai, ga kujerun kishingiɗa a jere ƙarƙashin lema, ga wurin gashin nama a gefe.

Ya ce, "Ɗana, ka gane wurin nan?"

Na ce, "Baba Alhaji, kamar na sani, kamar ban sani ba."

Ya yi dariya ya ce, "Ai a nan ka koyi iyo."

Sai gabana ya faɗi. Tsohon wurin ninƙayar gwamnati ne na garinmu, can a Arewacin Nijeriya, wanda ya shekara da shekaru a kulle. Alhaji ya ce shi da wasu abokan kasuwancinsa sun karɓi hayar wurin na tsawon shekaru masu yawa, za su gyara shi ya koma sabo fil, su mayar da shi kulob. Mai katin zama mamba ne kaɗai zai shiga, shi da iyalinsa. Abin da yake so a wurina shi ne in ɗauki talla da muryata, in riƙa sakawa a shirin Hausa da nake gabatarwa a rediyo, domin 'yan kasuwarmu na Gabon da Kwango da Kamaru masu zuwa gida hutun salla su sayi kati tun yanzu. Kuɗin da ya ambata mini sun fi albashina na wata uku.

Na ce, "Baba Alhaji, to yaran unguwar fa?"

Ya ce, "Waɗanne yara? Ai yaran nan su suka kashe wurin tun farko."

Na roƙi ya ba ni mako guda. Da makon ya cika na mayar masa da takardarsa, na ba shi haƙuri. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kunya ta hana ni yi masa cikakken bayani baki da baki, don ba a jayayya da uba a cikin motarsa. Bayanin da na kasa yi a ranar shi ne zan yi a nan, kuma na san zai kai gare shi.

Bari in fara da wurin kansa. Gwamnati ce ta gina shi da kuɗin jama'a, a zamanin da ake ganin birni bai cika birni ba sai da ɗakin karatu da filin wasa da wurin ninƙaya. Muna firamare, ranar Asabar mukan tara 'yan canjin da muka rage na kuɗin tara, mu biya a ƙofa mu shiga. Akwai wani tsohon soja mai usur a wuya, shi ne mai tsaron ruwan. Ba ya barin yaro ya matsa wajen zurfi sai ya ga ya iya kwanciya a kan ruwa, ya iya riƙe numfashi, ya iya juyowa da baya idan ya gaji. Ɗan direba da ɗan babban sakatare layi ɗaya suke bi, usur ɗaya ake hura musu. Daga baya injin tace ruwan ya lalace. Aka ce an rubuta takarda, ana jiran kuɗi. Ruwa ya yi kore, kwaɗi suka tare, aka sa sarƙa da kwaɗo a ƙofa. Yara kuwa ba su daina son ruwa don an rufe ƙofa ba. Sai suka koma kududdufi, inda ake kwasar tsargiya kyauta.

A wata damina, ƙanen abokina, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ya bi sa'o'insa zuwa wani rami da masu haƙar ƙasar gini suka bari a bayan makaranta. Ruwa ya cika shi, ba a gane bakinsa da tsakiyarsa. Mu uku da muka iya iyo muka yi ta nutso har bayan la'asar kafin mu taɓo ƙafarsa. Tazarar shekara uku ce tsakaninmu da shi. Mu mun tarar da ƙofar nan a buɗe, shi ya tarar da ita a kulle. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma addininmu bai hana a tambayi sanadi ba. Duk wanda zai yi mini maganar wurin nan a matsayin wurin hutawar manya, to ya sani ni fuskar yaron nan nake gani.

Ga matsayina a fili, don kada a ce na yi ta kewaye-kewaye. Abin da aka gina da kuɗin kowa don amfanin kowa, idan aka gyara shi sannan aka ce sai mai kati, an gyara ginin ne aka kashe dalilin gina shi. Sunan wannan a Hausa gyaran gangar Auzinawa. Kuma ba mu ne farau ba. An yi haka a ƙasar da masu zana wa Alhaji takarda suke kwaikwayo, ya kamata mu ji yadda ta kaya.

A birnin Paris, a gunduma ta 16, kusa da filin wasan tanis na Roland-Garros, akwai wani wurin ninƙaya da ake kira Molitor. An buɗe shi a 1929. Tafki biyu ne, ɗaya a rufe mai tsawon mita 33, ɗaya a sarari mai tsawon mita 50, kewaye da ɗakunan canza kaya hawa-hawa kamar jirgin ruwa. Cikin waɗanda suka buɗe shi har da Johnny Weissmuller, gwanin ninƙayar Amurka mai lambobin zinare biyar a gasar Olamfik, wanda iyayenmu suka sani a silima da sunan Tarzan. Shekara sittin mutanen Paris suna biyan kuɗin ƙofa suna shiga, 'yan makaranta da ma'aikata da tsofaffi. A 1989 aka rufe shi, aka so a rushe a gina gidaje. Mutanen unguwa suka kafa ƙungiya, suka yi tsayin daka, har a 1990 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi. Ya zauna kango fiye da shekara ashirin, masu zane a bango suna shiga suna cika shi da fenti.

A 2008 hukumar birnin Paris, wadda ita ce mai wurin, ta zaɓi wata haɗakar kamfanoni, ciki har da Colony Capital da Accor da Bouygues, ta ba su haya ta shekara 54. Suka rushe kusan dukkan tsohon ginin, suka sake gina mai kama da shi, suka ɗora otal mai ɗaki 124. A watan Mayun 2014 aka yi bikin buɗewa. Sai farashi ya fito. Mai son yin wuni ɗaya zai biya yuro 180. Mai son kati zai biya yuro 1,200 na shiga, sannan yuro 3,300 duk shekara. Mu da muke lissafi da sefa, yuro 180 ya kai kimanin sefa 118,000. Shekarar farko ta mai kati kuwa ta doshi sefa miliyan uku. Abin da talakan Paris ya tsira da shi bai wuce 'yan sa'o'i da aka ware wa wasu 'yan makaranta a mako ba. Mutanen da suka hana a rushe wurin, waɗanda ba don su ba da yanzu babu ko tubalinsa, su ne suka koma leƙe daga waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai wannan kasuwanci ne kawai, ba ƙiyayya ba ce. To mu duba inda katin kulob ya samo ƙarfinsa. A Amurka, lokacin da kotuna suka fara tilasta wa birane su bar baƙar fata su shiga wuraren ninƙayar gwamnati, birane da dama a kudancin ƙasar sun gwammace su rufe wuraren baki ɗaya. Birnin Jackson na jihar Mississippi ya rufe guda huɗu, na biyar kuma ya koma hannun wata ƙungiya mai zaman kanta da ta ci gaba da buɗe shi ga farar fata kaɗai. Aka kai ƙara, a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu cewa birnin bai karya tsarin mulki ba. A waɗannan shekaru kulob-kulob na ninƙaya masu kati suka yawaita a unguwannin masu hali. Abin da doka ta hana a rubuta a allon ƙofa, sai kuɗin kati ya ci gaba da aiwatar da shi ba tare da an rubuta komai ba.

Mu ma mun san wannan a gida. Turawan mulkin mallaka sun shata ƙa'idar cewa a bar filin da ba kowa, mai faɗin yadi 440, tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa, wai don sauro da cuta. A cikin unguwar tasu suka kafa kulob, a Kano da Kaduna da Zariya, inda kakanninmu ba sa shiga sai da farar riga da faranti a hannu. A nan Libreville ma haka birnin ya tashi, Turawa a tudun Plateau, 'yan ƙasa da baƙi a Louis da Glass da Nombakélé. Garin da aka kafa a 1849 don bayin da aka 'yanto daga jirgin ruwa, har aka raɗa masa suna garin 'yantattu, bai tsira daga wannan rabo ba. Da aka sami mulkin kai, gwamnatocinmu na farko sun gina wuraren da ɗan talaka zai shiga da kuɗin da bai fi ƙarfinsa ba. A Kaduna har yau akwai titin da ake kira Swimming Pool Road, wajen lambun Ƙofar Gamji, inda aka ajiye gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Ba can ne wurin da Alhaji ya kama ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Na kawo shi ne don a ga cewa an yi zamanin da wurin ninƙaya yake da daraja a idon hukuma har titi ya ci sunansa. Yau kuma jikokin masu ɗaukar faranti ne ke son maido da yadi 440, sai dai wannan karon da waya mai ƙaya da na'urar duba kati.

Me ya sa nake ɗaga murya a kan abin da wasu ke gani wasa ne? Saboda iya iyo a wurinmu maganar rai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021 kaɗai, fiye da kashi 90 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Abin ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don yaƙi da nutsewa. Wa ya manta da ranar 30 ga Nuwamban 2021, da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau za su Mauludi? Aƙalla mutum 29 aka rasa, yawancinsu yara. Na yarda lodi ne ya yi yawa, kuma rashin rigar kariya ya taimaka. Ba na cewa iyo zai ceci kowa. Amma yaron da ya san yadda zai kwanta a kan ruwa ya daina kokawa da shi yana da 'yan mintoci da wanda bai sani ba ba shi da su, kuma a cikin waɗannan mintocin ne masunta suke isowa.

A nan Libreville abin ya fi ban takaici, don birnin a bakin ruwa yake kwance. Je ka bakin tekun makarantar Léon Mba ranar Lahadi ka ga yara kamar fari. Tambayi nawa ne cikinsu wani ya taɓa koya wa iyo. Mu da muke karanta labarai mun gaji da sanar da cewa igiyar ruwa ta ja wani matashi. Wuraren ninƙaya masu tsafta suna nan, amma a manyan otal-otal da kulob-kulob suke, masu hali kuma su hau jirgi su haye Pointe-Denis. 'Ya'yanmu na Nombakélé da Akébé, abin da muke ba su shi ne gargaɗi: kada in ji ka je teku. Su kuma su saci jiki su tafi. Hani bai taɓa koya wa kowa iyo ba.

Maƙwabtanmu na Ikwatoriyal Gini sun ba duniya misali a gasar Olamfik ta Sydney a shekarar 2000. Eric Moussambani ya je gasar mita 100 bai taɓa ganin tafki mai mita 50 ba, don a ɗan ƙaramin wurin wankan wani otal a Malabo ya yi atisaye. Abokan karawarsa biyu, ɗaya ɗan Nijar ɗaya ɗan Tajikistan, aka kore su saboda sun yi riga-malam-masallaci, ya rage shi kaɗai a ruwa. Da ƙyar ya kai ƙarshe, cikin minti 1 da daƙiƙa 52. Duniya ta yi ta tafi tana dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Na ga saurayin da ƙasarsa ke bakin teku, amma sai da ya roƙi alfarmar otal kafin ya sami inda zai koyi iyo. Kuma kada wani ya ce mana iyo baƙon abu ne ga Bahaushe. Je ka Argungu, inda tun 1934 ake bikin kamun kifi, ka ga Kabawa a kogin Matan Fada suna kabanci, suna tseren iyo da nutso da kama agwagwa da hannu, har hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016. Muna da Sarkin Ruwa tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙirƙiro katin kulob. Zaman birni ne ya raba 'ya'yanmu da kogi, bai kuma ba su madadinsa ba.

Yanzu bari in ɗauki hujjojin Alhaji ɗaya bayan ɗaya, don ba na son a ce na yi masa shari'a a bayan idonsa.

Hujja ta farko, da babu gara ba daɗi. Wurin ya mutu, kwaɗi ne a ciki, 'yan shaye-shaye sun mayar da shi maɓoya, to ba gara a raya shi ko don mutum ɗari biyu ba? Amsata ita ce, kangon da yake na jama'a yana nan a matsayin bashi a wuyan gwamnati. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a ana iya nuna masa shi. Ranar da aka sa hannu a hayar shekaru masu yawa, bashin ya faɗi, kuma yaran da ke rarrafe yau sai sun yi furfura kafin a sake maganar. Mun kuma san salon: a bar abu ya lalace da gangan ko da sakaci, sannan a ce ba shi da amfani, sannan a bayar da shi a araha. Ina kuma jan hankalin Alhaji don amfanin kansa. Otal ɗin Durbar da aka gina a Kaduna don bikin FESTAC na 1977 ya daɗe yana kango ana shari'a a kansa, har aka rushe shi a Janairun 2020. Otal ɗin Daula a Kano, wata gwamnati ta bayar da shi aka yi gine-ginen kasuwanci, wata ta zo a Yunin 2023 ta sa katafila. Cinikin kayan jama'a da aka ƙulla ba da sanin jama'a ba, ranar da iska ta juya babu mai fitowa ya tsaya maka.

Hujja ta biyu, kuɗi. Wannan ita ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Tafki irin na Olamfik yana cin ruwa lita miliyan biyu da rabi. Injin tacewa dole ya yi ta aiki, ga wutar lantarki ba tabbas, ga tsadar man janareto, ga sinadarin kulorin, ga albashin masu tsaro. Kuɗin ƙofa na yara ba zai biya wannan ba, gaskiya ne. To amma wace riba motar kashe gobara take kawowa? Nawa makarantar firamare take zuba wa baitulmali a wata? Akwai abubuwan da hukuma ke kashe wa kuɗi don rai da lafiya, wannan yana cikinsu. Idan kuma dole sai ɗan kasuwa ya shigo, to ga gidan abinci, ga ɗakin motsa jiki, ga ɗakin taron biki, ga sa'o'in yamma da dare. Ya ci ribarsa a nan, ya bar wa yara safiya. A unguwar Hackney da ke Landan akwai wurin ninƙaya na sarari, London Fields, da aka buɗe a 1932 aka rufe a 1988. Mutanen unguwa suka shafe shekara 18 suna matsa wa ƙaramar hukumarsu, har ta gyara shi ta buɗe a 2006. Yau kowa na iya biyan kuɗin shiga ya yi iyonsa, ba sai da katin kulob ba. Molitor da London Fields kusan tare aka rufe su. Bambancinsu shi ne wanda aka tuna da shi ranar sa hannu a takarda.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi yi mini ciwo, wai yara ne suka kashe wurin. Yaro ne ya ƙi sayo kayan gyaran inji? Yaro ne ya sa hannu a kasafin kuɗin da ba a ga aikinsa ba? Shekarun da tsohon sojan nan yake riƙe da usur, ban taɓa ganin an fasa ko tayil ɗaya ba. Inda akwai mai kula, yara suna bin doka fiye da manya. Idan muka yi gaskiya, abin da ake nufi da wannan magana shi ne ba a son ɗan mai kati ya shiga ruwa ɗaya da almajiri. To a faɗe ta haka, mu san da wa muke magana.

Hujja ta huɗu ba daga Alhaji ta fito ba, daga wasu malamai ne da na tattauna da su. Suka ce wurin ninƙaya wurin tsiraici ne da cakuɗuwar maza da mata, gara ma a kulle shi ga 'yan tsiraru. Allah ya gafarta malam, wannan matsala ce ta tsari, kuma tsari ke maganinta. A ware ranakun mata, da mata masu koyarwa, da katanga mai tsawo, da suturar da ta dace. Turawan Ingila ma sun yi haka: a garin Reading an gina wurin ninƙaya na mata zalla a 1902, kewaye da bango. Abin lura, shi ma an rufe shi a 1974, da aka sake buɗe shi a 2017 sai ya dawo da gidan abinci da katin mamba. Malamanmu kuma su ne suka karantar da mu abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, na umartar iyaye su koya wa 'ya'yansu iyo tare da harbi da hawan doki. Idan jirgi ya kife da 'yan biki, mata da goyonsu ne a ciki. Wa ya fi su buƙatar wannan ilimi? Kuma in ana tsoron ɓarna, wanne ya fi kusa da ita, 'yan firamare da malaminsu da ƙarfe tara na safe, ko kulob mai katanga da kiɗa da ƙarfe ɗayan dare?

Hujja ta ƙarshe, kuɗina ne, ina da ikon yin abin da na ga dama. Haka ne, ranka ya daɗe. Sayi fili, haƙa tafkinka, sa kati na zinare in ka so, ni da kaina zan yi maka talla. Ba ni da rigima da otal ɗin da ya gina nasa. Rigimata da wanda ya tarar da fili a tsakiyar gari, da rami a haƙe, da bututu a shimfiɗe, da suna da tarihi, duk da kuɗin harajin mai tura baro da mai sayar da ƙosai, sannan ya ce kuɗin fenti da tayil da ya zuba sun ba shi ikon korar masu abin.

To mene ne mafita? Ba na cewa a bar wurin ga kwaɗi. Ina cewa duk gwamnatin da za ta bayar da irin wannan wuri, ta fito da takardar yarjejeniyar a karanta a rediyo, kowa ya ji shekara nawa ne kuma nawa aka biya. A rubuta a ciki cewa safiyar ranakun makaranta ta 'yan firamaren gwamnati ce da Islamiyyu da tsangayu, kyauta, aji-aji, da mai koyarwa. A rubuta cewa akwai sa'o'in da kowa zai shiga da kuɗin da bai wuce na kwanon abinci ba. A ware wa mata kwana biyu a mako. A ɗauki masu ceto daga cikin 'ya'yan masunta, a horar da su, a biya su. A gajarta wa'adin hayar, kuma a sa sharaɗin ƙwacewa idan aka saɓa. Inda babu tafkin siminti ma akwai dabara: a Bangaladash, shirin SwimSafe yana kafa shingen gora a cikin tafkunan ƙauye, ya mayar da su ajin koyon iyo, kuma yara masu ɗimbin yawa sun koya ta haka. Ƙasar da ta fi mu ambaliya ta yi da gora, mu da muke da ginannen wuri muna shirin sa masa kwaɗo na biyu.

Ku kuma 'yan'uwana 'yan kasuwa na Mont-Bouët da sauran kasuwannin ƙasar nan, da takardar nan za ta zo hannunku ko da ba ta bakina ba, ga roƙona. Kafin ku biya, ku yi tambaya ɗaya: yaran unguwar za su shiga? Idan aka ce a'a, ku mayar da kuɗinku aljihu. Yawancinmu daga irin waɗannan unguwanni muka fito, kuma sati biyu kawai muke yi a gida a shekara. Bai kamata a kulle wuri wata goma sha biyu saboda hutunmu na sati biyu ba. Mu da muke zaune a ƙasar mutane, mun san ɗacin a tare ka a ƙofa a ce ina katinka.

Baba Alhaji, ka yi mini rana, ba zan manta ba, kuma ba raini ne ya sa na rubuta wannan ba. Ka gina masallaci a garinmu, ka haƙa rijiyoyi, kowa ya shaida. Ga wata sadakar mai gudana a gabanka, wadda ba kowa Allah ke ba dama irinta ba. Duk yaron da ya koyi iyo a wurin nan, ya tsira wata rana ko ya tsamo wani, kana da lada a ciki kana kwance a kabarinka. Ka koma wurin abokan naka ku sake zana takardar. Ranar da na ga an rubuta sa'o'in yara a ciki, zan ɗauki tallar nan da muryata, in saka ta safe da yamma, ba zan karɓi ko sefa ɗaya ba.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya ba iyayensu haƙuri, ya kare mana na baya. Wassalam.